Ko Da Me Ka Zo An Fi Ka: Zuwa Ga Bazazzagen Da Aka Yi Wa Darakta

Bawana Bazazzage, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Na so in rufa maka asiri, sai na tuna tsakanin Bakano da Bazazzage ba a taɓa ƙulla wannan alƙawari ba. Duk wanda ya buga wa abokin wasansa waya da ƙarfe ɗaya da rabi na dare ya zazzage masa cikinsa, shi ya kai kansa kasuwa. Sunanka dai ba zan faɗa ba, ba kuma zan faɗi ma'aikatar ba, albarkacin matarka Hajiya da take aiko mini da yajin daddawa duk sallah.

Jama'a, ga yadda aka yi. Wata uku da suka wuce aka yi wa mutumin nan ƙarin girma, ya zama darakta a wata ma'aikata a Abuja. Ofis mai labule har ƙasa, ga direba, ga sakatare, ga masinja mai riƙe masa jaka. Da na ga kiransa a tsakar dare na ɗauka ya bugo ne ya tusa mini haushi. Sai na ji murya can ƙasa kamar ta wanda mai bashi ya ritsa a zaure: "Bakano, wallahi ina ga kuskure aka yi. Ban cancanci kujeran nan ba. Wata rana za su gano ni."

Na ce masa da farko dai "kujerar nan" ake cewa. Ka ga an fara gano ka ke nan.

Bai yi dariya ba, a nan na san abin ya kai inda ya kai. Ya ce takarda mai layi biyar sai ya karanta ta sau shida kafin ya sa hannu. In babban sakatare ya yaba masa a taro, sai ya koma ofis ya rufe ƙofa yana juya maganar, ko gatse aka yi masa. In masinja ya shigo da ambulan a rufe, gabansa ya faɗi, ya ɗauka takardar tuhuma ce. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To kai da aljihunka ko ƙwai babu, me ya haɗa ka da firgita?

Tunda ka kira kanka sojan gona, bari in nuna maka masu sana'ar, ka ga ko za su yarda su ɗauke ka ko da yaron shago. A 1951, lokacin yaƙin Koriya, wani Ba'amurke mai suna Ferdinand Demara ya ari sunan wani likita ɗan Kanada da takardunsa, ya hau jirgin ruwan yaƙi na Kanada a matsayin likitan fiɗa, alhali bai taɓa karatun likita ba. Aka kawo masa waɗanda suka ji rauni, ya leƙa littafi, ya fito ya kama wuƙa. Ba a gano shi ba sai da jaridu suka yi ta yabon aikinsa har labari ya kai ga mai sunan na ainihi. Dawo gida: a Disamba 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa a Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Shi don ya tona asiri ya yi. Waɗanda suka saya don su ci abinci da shi suna nan a ofisoshi suna munshari. Na san kuma abin da ke bakinka, ba sai ka furta ba: shugaban Majalisar Wakilai da ya sauka a 1999 kan takardar jami'ar Toronto ɗan jiharmu ne. Na karɓa, ba gardama. Amma wannan ma hujjata ce a kanka. Sojan gona aiki ne mai bukatar bushewar ido da ƙarfin hali. Kai fa? Kai da aka sayar wa agogon jabu a Sabon Gari ka yi godiya har da addu'a, kai ne za ka yi wa gwamnatin tarayya wayo shekara 27? Kada ka ɗauki kanka da girma haka.

Ciwon naka yana da suna, kuma ba a Kwarbai aka fara shi ba. A 1978 wasu mata biyu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka fitar da maƙala bayan sun shafe shekara biyar suna aiki da mata sama da 150 waɗanda kowa ya shaida sun yi zarra: masu digirin digirgir, ƙwararru a fannoninsu, ɗalibai masu cinye jarrabawa. Duk da shaidar takarda da yabon jama'a, matan nan a ransu sun yi imani ba su da wata basira. Wata ta ce sa'a ce, wata ta ce kuskure aka yi wajen ɗaukarta, wata ta ce malamanta ne suka yi mata kallon da ya fi ƙarfinta. Sunan da masanan suka raɗa wa abin, in an faɗe shi da bakinmu, shi ne jin kai sojan gona. A jikin mata aka fara lura da shi, daga baya bincike ya nuna maza ma ba su tsira ba. Kai kam ban yi mamaki ba. Mutanen da ke cewa "matana ya tafi kasuwa" ai ko ciwo ya zo garinsu ba zai gane inda iyakar mace da namiji take ba.

Ba kuma ƙananan mutane kaɗai yake kamawa ba. A Disamba 2018 Michelle Obama, bayan shekara takwas a fadar shugaban Amurka, ta tsaya gaban 'yan mata a wata makaranta a Landan ta ce har yanzu abin bai rabu da ita ba. A 2020 wasu masu bincike ƙarƙashin Dena Bravata suka tattara nazari 62 da aka yi kan mutum sama da 14,000, suka tarar adadin masu wannan hali yana kamawa daga kashi 9 zuwa kashi 82 cikin ɗari, gwargwadon ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ɗan kasuwar da zai ce maka kayansa tsakanin naira 9 ne da naira 82, a Kwari ko ruwan alwala ba za a ba shi ba. Amma 'yan boko irinku sun kira wannan sakamako. Abin da za a tsinta a ciki dai shi ne: ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, ba kai kaɗai ba ne a benen nan naku. Kuma wannan hali ba ya cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da likitoci suka amince da su. Hali ne na tunani, ba hauka ba. Wancan da muka daɗe muna zarginku da shi daban ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Clance, a littafinta na 1985, ta zana kewayen da mai wannan hali yake yi, kamar ta taɓa zama a gidanka. An ba shi aiki, tsoro ya kama shi. Daga nan hanya biyu ce: ko ya kashe kansa da shiri fiye da kima, ko ya yi ta jan ƙafa sai daren ƙarshe ya yi shi a guje. Aiki ya yi kyau, aka yaba. In ya bi ta farko sai ya ce ai wahala ce ta fisshe ni, mai basira ba sai ya kwana uku ba barci ba. In ya bi ta biyu sai ya ce sa'a ce. Ko ta ina aka biyo, yabon ba ya shiga asusunsa. Gobe a kawo wani aikin, ya fara daga sifiri. Tun muna makaranta haka kake. Ka hana ɗaki barci da kuka wai ka faɗi, sakamako ya fito kai ne na biyu, ka ce malamin ne ya yi kuskuren lissafi. Ni da na zo na goma sha bakwai har gurasa na raba.

Sai dai zan yi maka adalci sau ɗaya, ka rubuta ranar. Ba kai kaɗai ka haƙa ramin nan ba. Mu aka tasa da "yabon kai jahilci". Yaro ya ci jarrabawa, a ce masa kada kanka ya kumbura. A tambaye ka yadda ka kai nan, amsar da tarbiyya ta yarda da ita ita ce ikon Allah ne da addu'ar iyaye. Gaskiya ce tsantsa, ba mai ja. Amma akwai tazara tsakanin "Allah ne ya ba ni" da "ba a ba ni komai ba". Na farko godiya ce. Na biyun, in ka dube shi da kyau, ya fi kusa da butulci, sai dai ya sa rawani ya zo da sunan tawali'u. Ga kuma abin da ka faɗa mini a ƙarshen wayar, wanda na san shi ne ƙashin bayan zancen: tun ranar da ka fara aiki akwai masu yi maka kallon ɗan kwota, wai tsarin raba daidai, da ya shiga tsarin mulkin ƙasar nan tun 1979, shi ya ɗauko ka ya dire. In ka tashi magana a taro, kunnenka yana kan harshenka, kada "p" ta rikiɗe ta zama "f" wani ya yi murmushi. Wanda ya shekara ashirin ana yi masa wannan kallo, ba abin mamaki ba ne wata rana ya ari idon masu kallon ya dubi kansa. A 2021 wasu marubuta biyu, Ruchika Tulshyan da Jodi-Ann Burey, sun yi irin wannan ƙorafi a mujallar Harvard Business Review: a daina ɗora wa ma'aikaci laifin shakkar kansa alhali wurin aikin ne yake nuna masa kullum shi baƙo ne. Suna da gaskiya. Amma ka ce wa masu murmushin, kwota tana iya buɗe ƙofa, ba ta zama jarrabawar ƙarin girma a madadin mutum.

Mu ƙirga, tunda lissafi ba gadonku ba ne. Ka shiga aiki a mataki na 8, yau kana na 17. Babu mataki na 11 a tsarin, saboda haka sau takwas aka ɗaga ka. Sau takwas mutane daban-daban, waɗansu ma ba sa ga maciji da juna, suka duba fayil ɗinka suka ce ya wuce. In duk sa'a ce, to ajiye aikin gwamnati ka zo Kwari ka riƙa zaɓar mana kaya, mai sa'a takwas a jere ba a barin sa a ofis. In kuma kuskure ne, to ka zagi dattawa da yawa a numfashi ɗaya.

Ka san abin da ya sa mu Kanawa wannan ciwo ba ya yi mana kamun kazar kuku? Kirarin garinmu. Tun yaro yana goye yake jin ana cewa ko da me ka zo an fi ka. Ku kuna ɗaukar sa fariya ce muke yi wa baƙi. Ba ku lura cewa mu ma a cikin garin muke kwana ba. Mai shago ɗaya ya san akwai mai goma, mai goma ya san akwai mai sito a Dawanau, mai sito ya san akwai wanda ko sunansa aka ambata sai ya gyara zama. Kowa an fi shi, kowa kuma da safe zai buɗe shagonsa. Abin da kake ɓoyewa a ƙirji kamar garwashi, wai kada a gane akwai waɗanda suka fi ka sani a ma'aikatar, mu a bakin ƙofar gari muka rataye shi. An fi ka mana! Yaron nan da ya dawo daga Ingila ya fi ka sarrafa kwamfuta. Matar da ke sashen kuɗi ta fi ka sanin kasafi nesa ba kusa ba. Don an fi ka ba ka zama jabu ba. Atamfa ba ta kai leshi tsada ba, amma ba wanda ya taɓa kai mai sayar da ita kotu.

Kada ka ce ina magana ne daga kan tudu. Shekarar da mahaifina ya tafi aikin Hajji ya bar mini shagonsa a Kantin Kwari, ina ɗan shekara 19, kwana arba'in na yi ina jiran ranar da za a gane yaro ne a kan buhu. In dillali ya shigo sai in murtuke fuska don kada ya ga hannuna yana rawa. Wani baƙo daga Maraɗi ya tambaye ni wata irin shadda, ban taɓa jin sunanta ba, na ce ta ƙare, alhali tana bayana a jibge. Da tsoho ya dawo, na shirya dogon jawabin neman gafara. Bai tambaye ni yadda na ji a raina ba. Cewa ya yi, miƙo littafi. Ya bi shi layi-layi da yatsa, ya tsaya a kan bandir uku da na sayar ƙasa da kuɗin sari, ya ja mini kunne a kansu, ya rufe littafin ya ce gobe ma ni zan buɗe shago. A ranar na gane zuciya ba ta iya lissafi ba. Ku kuna taƙama a garinku aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuna yi mana gori da sunan. To kwabo ma yana da tasa gaskiyar: in an ƙirga shi ba ya ƙarya.

Saboda haka ka sayi littafi, na naira ɗari biyar ya isa, na san halinka. Shafin dama ka rubuta abin da ya fita daga hannunka ya yi kyau, da kwanan wata, ba tare da ka liƙa masa "amma" a wutsiya ba. Shafin hagu ka rubuta abin da ba ka iya ba, da sunansa. Ka ce mini takardun kwangila suna ruɗa ka. Madalla, wannan ba asiri ba ne, darasi ne. Kira wanda ya sani ya zauna da kai sati biyu. Tsoron da ba shi da suna shi ke cika ɗaki. In ka sa masa suna sai ka tarar bai wuce bandir uku ba. Kuma kada ka bari masu daɗin baki su ruɗe ka da cewa shakkar kai alamar gwaninta ce. Akwai mai shakka gwani, akwai mai shakka da ya kamata ya yi shakkar. Littafin ne zai raba gardama, ba bugun ƙirji ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, kai da ka tashi a garin malamai ka manta da abin da suke karantarwa a zaure. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba", kuma ba a ji Madina ta rage masa daraja ba. Kai kuwa an tambaye ka adadi ɗaya a taro ba ka riƙe shi a ka ba, ka kwana kana juyi. Koyi faɗin "ban sani ba, zan duba in sanar da ku gobe" da murya sosai, kai a ɗage. Sojan gona na gaske shi ne wanda wannan jimla ba ta iya fita daga bakinsa, domin rumfarsa ba ta jure iska.

Ka kuma nemi tsaranka ɗaya ko biyu cikin daraktocin, wanda ka yarda da shi, ka ɗan buɗa masa. Ina mai rantse maka da hular da ke kaina, wanda ya fi kowa baza babbar riga a taron nan naku wataƙila shi ma sau shida yake karanta takarda. Kowa yana ganin cikin kansa, yana ganin rigar ɗan'uwansa, sai ya auna ciki da riga ya ce an fi shi. Nan kuma zan ajiye wasa minti ɗaya: in rashin barcin ya zarce makonni, abinci ya fita ranka, abin da ke faranta maka ya daina, je ka ga likita. Nazarin nan na 2020 ya nuna wannan hali yakan zo tare da ciwon damuwa da fargaba, su kuwa ana maganinsu. Ba abin kunya ba ne, kuma wannan kaɗai ne sirrinka da ba zan kai jarida ba.

Na san dalilin da ya sa ka tsallake abokan aikinka da 'yan'uwanka ka kira ni. In Hajiya ta yabe ka, ka ce matarka ce. In na ƙasa da kai suka yaba, ka ce neman shiga suke. In na sama suka yaba, ka ce ba su san ka ba. Ni kuwa na san ka tun kana cin bashin ƙosai, kuma shekara talatin ban taɓa faɗin alherinka a gaban mutane ba. Da akwai ko ƙwayar algus a aikinka, ai ba sai hukuma ta wahala ba, ni zan hau Dala da lasifika. Na duba, na sake dubawa, don Allah ya sani na so in samu. Ban samu ba. Bazazzage ne kai, wannan kam ba magani. Kwalejin Barewa da kuke tinƙaho da ita ma daga Katsina ta taso a 1921, sai 1949 ta iso muku. Amma kujerar taka ce. Da "r".

Saura bashina. Watan cika-ciki ya wuce ba ka aiko da kuɗin shara ba, bara ma haka. Da ina yi maka uzuri da albashin mataimakin darakta. Yanzu kuwa zaɓi ya rage naka: in ka cancanci kujerar, kuɗin shara ya ninka, har da ladan wannan magani da na ba ka kyauta. In kuma har yanzu kana kan bakanka cewa kuskure aka yi, to turo mini albashin gaba ɗaya in ajiye wa mai shi, kada ka ci haram. Direbanka ya san shagon, layi na uku in an shigo, ya tambayi inda ake sayar da agogo.